Mawaƙin da Ya Ƙi Sayar da Bakinsa

A garuruwanmu na arewacin Kamaru, daga Ngaundare zuwa Garwa har Marwa da Kusseri, idan aka ce wane mawaƙi ne, tambayar da ke biyo baya ita ce wa yake yi wa waƙa, kuma me aka ba shi. Da amsar wannan tambaya ake yanke masa hukunci. Wanda aka ba mota babban mawaƙi ne, wanda aka ba babur yana tasowa, wanda kuwa ba a ba shi komai ba, to ko dai bai iya ba, ko kuma ba shi da sa'a. A ganina wannan ma'auni ya yi mana ɓarna mai yawa, domin ya sa mun kau da kai daga mutanen da suka fi kowa shan wahala a kan harshenmu, kuma zan kafa hujjata da aikin mutum guda wanda na daɗe ina bibiya a nan Garwa.

Tela ne, kuma da ɗinki yake ciyar da iyalinsa. Tun yana saurayi yake tsara waƙa, ga shi yanzu furfura ta fara cin ƙarfin gemunsa. Yana rubuta waƙoƙinsa da ajami a cikin littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, ya adana su a akwatin ƙarfe ƙarƙashin teburin da yake yanka yadi. Wani lokaci yakan rera da gurmi, wani lokaci da murya zalla, galibi bayan sallar isha'i, ga duk wanda ya samu wuri a bencin bakin shago. Ya roƙe ni kada in buga sunansa, na kuwa amsa masa, ko da yake a kan wannan batu ne muka fi samun saɓani da shi.

Abin da ya fara jan hankalina shi ne yadda yake wahalar da kansa a kan abin da mai sauraro na yau bai tambaye shi ba. Yawancin waƙoƙinsa 'yan ƙwar biyar ne, wato kowane baiti ɗango biyar, huɗun farko da ƙaramin amsa-amo nasu, na biyar kuma ya komo kan babban amsa-amon da ya ɗaure waƙar tun daga farkonta har ƙarshe. Tsari ne da malamanmu suka gada tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta yi waƙa da Larabci da Fillanci da Hausa, kuma ya bazu har ƙasar Adamawa ta Modibbo Adama, wadda Garwa da Ngaundare da Marwa ke cikinta kafin Turawa su zo su raba ta. Idan gaɓa ɗaya ta yi nauyi a inda ya kamata ta yi sauƙi, sai ya soke ɗangon gaba ɗaya ya sake gini. Ba ya karya kalma don ta shiga kari, ba ya jan wasali don amsa-amo ya dace da ƙarfin tsiya, kuma ba ya cike gurbi da "wayyo" da "iye", waɗanda suka zama mafakar duk wanda magana ta ƙare masa a tsakiyar baiti. Yakan bar waƙa ta kwana wata da watanni saboda ɗango guda ya ƙi zama. Wanda bai taɓa gwada wannan aiki ba zai ɗauka fitina ce kawai mutum ya ɗora wa kansa, amma wannan takurar ita ce ke sa baiti ya zauna a kai tun daga ji na farko, har yaro ya riƙe shi ba tare da an ce masa ya haddace ba.

Sai kuma abin da yake faɗa a cikin waƙoƙin, wanda shi ne ya fi muhimmanci a wurina. Mu Hausawan Kamaru kusan duk waƙar da ke cikin wayoyinmu daga Kano ko Kaduna ko Jos ta fito. Ba laifi ba ne, harshenmu ɗaya, kuma akwai gwanaye a cikinsu. Sai dai waɗancan waƙoƙi ba su san Binuwai ba, kogin da ke ratsa Garwa. Telan nan yana da waƙa a kan tashar jiragen ruwa ta Garwa, inda a da idan damina ta yi kogi ya cika jirage kan taso daga Najeriya su kawo kaya su kwashi auduga da gyaɗa, wadda yanzu ta zama labarin da tsofaffi ke bayarwa. Yana da wata a kan madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka gama a 1982, ta kawo wuta da kifi, ta kuma kawo fargabar ranar da za a saki ruwa, kamar yadda mutanen bakin kogi suka gani a ambaliyar 2012. Yana da ta manomin auduga da ya kai kayansa ma'auni ya koma gida yana lissafin bashin taki, da ta samari masu haya da babur, da ta 'yan gudun hijirar da suka cika sansanin Minawao kusa da Mokolo tun daga 2013. Wadda ta fi taɓa ni ita ce ta Bahaushen da aka haifi kakansa a Garwa, amma duk lokacin da ya je neman takarda sai a tambaye shi daga wane gari na Najeriya ya zo. Babu mawaƙin Kano da zai yi mana wannan waƙa, domin ba ciwonsa ba ne. Idan namu bai yi ta ba, to ba za a taɓa yin ta ba.

Ba wai ba a taɓa neman sa ba. An nemi ya yi waƙar biki ya sa sunan ango da na amarya da na dangi kaf, an nemi ya yi ta wani attajiri, kuma kowane lokacin zaɓe sai an turo masa ɗan aike. Na ji amsar da ya ba ɗaya daga cikinsu, ba tare da ɗaga murya ba: "Alhaji, a gaida maigida, a ba shi haƙuri. Idan riga ce ya kawo in ɗinka masa yadda yake so, amma waƙa ban iya yin ta bisa awon wani ba." Dalilinsa bai wuce abin da Hausawa suka daɗe da faɗa ba, cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi kuɗin yabo ya sayar da abu biyu a lokaci guda, wato yabon da zai yi da kuma shirun da zai yi daga baya. Mawaƙin da ya ce wa ɗan takara shi ne ruwan da zai kashe ƙishin talaka ba zai iya tashi bayan shekara biyu ya yi waƙar famfon unguwa da ya ƙafe ba. Shirun nan ya fi yabon tsada, kuma shi ne ainihin abin da masu kuɗi ke saya.

Na san abin da za a ce, kuma magana ce mai nauyi wadda bai kamata a wuce ta da sauri ba. Za a ce ai waƙar Hausa tun asali da ubangida ta tashi. Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗanƙwairo mawaƙan fada ne, sarakuna suka ciyar da su suka tufatar da su, kuma babu mai hankalin da zai ce waƙoƙinsu ba fasaha ba ne. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya karɓi kyautar da ba ta ƙirguwa, amma har yau da shi ake auna kowa. A nan ƙasarmu ma fadar kowane lamiɗo tana da makaɗanta da masu algaita. To mene ne abin burgewa ga wanda ya ƙi abin da manya suka karɓa?

Amsata ita ce karɓar kyauta daban, sayar da baki daban. Mawaƙin fada na da yakan zauna da ubangidansa shekara da shekaru, ya san asalinsa da tarihin gidansa da yaƙe-yaƙen kakanninsa, waƙarsa kuma ita ce taskar tarihin masarauta. Bayan haka yana riƙe da makamin habaici da zambo, wanda har hakimai ke shakka. Shata kuwa kowa ya san ya yi wa wanda ya ga dama waƙa, ya kuma juya wa wanda ya ga dama baya, kuma a cikin waƙoƙinsa akwai na noma da na tafiye-tafiye da na mutanen da ba su da abin ba shi. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da ɗan ƙaramin kuntiginsa ya yi suna a kan waƙar karen mota da zaman aure da halin talaka. Waɗannan mutane sun ci abinci da waƙa, amma ikon cewa a'a bai taɓa fita daga hannunsu ba. Abin da ake yi yau wani ciniki ne daban: a aiko da jerin sunaye ta WhatsApp, a biya rabin kuɗi, a shiga sitidiyo da yamma a ɗora murya a kan kiɗan fiyano da aka riga aka yi wa mutum goma amfani da shi, kafin asuba waƙa ta fito. Mawaƙin bai taɓa ganin wanda yake yabo ba. Idan an jima abokin hamayya ya biya, sai a cire suna a sa suna. Saboda haka telan Garwa, da ya ƙi wannan ciniki, ya fi kusa da Shata a ɗabi'a fiye da yawancin masu kwaikwayon muryar Shata.

Ba na zargin samarin da ke wannan sana'a, domin kasuwar ce ta matse su. A zamanin kaset mawaƙi yakan samu wani abu daga sayar da waƙarsa, ko da masu kwafi sun ci rabonsu. Da wayar hannu ta zo, sai waƙa ta koma abin da ake turawa a memori a rumfar mai cajin waya, a cika maka ɗaruruwa da 'yan canjin sefa, kuma ko dala ba ta isa hannun wanda ya tsara ta. Yanzu TikTok ya ƙara rage ta zuwa 'yan daƙiƙoƙin da za a yi rawa da su. Tun da mai sauraro ya daina biya, wanda ya rage yana biya shi ne mai biki da ɗan siyasa, sai waƙa ta karkata ta bi su. Wanda ke da haya a kansa da yara a makaranta ba za a ce masa ya ƙi ba. Telan ma ya samu damar ƙi ne saboda keken ɗinkinsa, shi da kansa yakan faɗi haka, kuma ba ya ganin ya fi kowa tsarki. Don haka kada wani ya fahimci cewa talauci nake yabo. Rashin kuɗi bai taɓa gyara baitin kowa ba, kuma akwai matalautan mawaƙa da yawa waɗanda waƙarsu ba ta da daɗi ko kaɗan.

Akwai kuma masu cewa idan da waƙarsa tana da kyau da ta fito da kanta, tun da yanzu kowa na da waya kuma babu mai tsare ƙofa. Wannan magana tana da daɗin faɗa amma ba haka abin yake ba. Abin da ke yawo a intanet shi ne abin da aka kashe wa kuɗi, aka yi masa bidiyo, aka biya masu shafuka suka yaɗa, kuma aka gina shi don ya kama kunne cikin daƙiƙa goma. Waƙa mai baiti arba'in wadda sai an zauna an saurara ba ta da wurin tsayawa a wannan kasuwa. Maƙwabtanmu Fulanin Diamare, yankin da Marwa ke ciki, suna da waƙar mbooku, wadda ake rerawa ba tare da kayan kiɗa ba, mai cike da tarihi da sukar zamani, kuma babu wanda zai ce ta rasa inganci don ba a jin ta a gidajen biki. Rashin jin abu a kasuwa shaida ce a kan kasuwar kafin ta zama shaida a kan abin.

Inda na rabu da mutumin nan shi ne batun suna. Ra'ayinsa shi ne waƙa idan ta fita daga baki ta zama ta jama'a, kuma neman a san shi wata ƙofa ce ta riya. Na girmama niyyarsa, amma ina ganin ya yi kuskure, kuskuren da ba shi kaɗai zai cutar ba. Tuni wasu baitocinsa suka fara yawo a bakin samari, an ɗora su a kan fiyano, an yanke inda ke da ɗaci an bar inda ke da daɗi, wani kuma yana karɓar liƙi da su a wurin biki. Wanda ya ƙi sayar da waƙarsa amma ya bar ta ba suna, bai hana a sayar da ita ba, ya dai bar wa wani cinikin ne. Makafi sun shekara da shekaru suna rera baitocin Imfiraji a tashoshin mota da ƙofofin masallatai, har a garuruwanmu, kuma da yawa daga masu ba su sadaka ba su san cewa Aliyu Namangi na Zariya ne ya tsara su ba. Abin da ya tsare masa haƙƙinsa a tarihi shi ne an rubuta waƙoƙin an buga su da sunansa. A nan Kamaru muna da darasi mafi kusa. Mawaƙi Manu Dibango ya yi waƙarsa Soul Makossa a 1972 a bayan faifan waƙar gasar cin kofin Afirka da ƙasarmu ta karɓi baƙunci, wato a gefen da ba a sa wa rai ba. Bayan shekara 10 sai ga amshinta a cikin waƙar Michael Jackson a Amurka. Da ya tashi neman haƙƙinsa ya samu abin riƙewa, domin sunansa na kan faifai, aka kuwa sasanta da shi. Telanmu ba ya neman kuɗin Amurka, amma ranar da wani ya juya waƙar manomin auduga ta koma yabon wanda ya danne manomin, da me zai ce ba haka ya faɗa ba? Suna a kan waƙa kariya ce ga ma'anarta kafin ya zama ado ga mai ita.

Doka dai tana nan a rubuce. Kamaru tana da dokar haƙƙin mawallafi ta shekarar 2000, hedkwatar hukumar OAPI mai kula da mallakar fasaha a ƙasashen Afirka da dama tana Yawunde. Sai dai ƙungiyoyin da ke tattara wa mawaƙan Kamaru haƙƙinsu an kafa an rushe an sake kafawa sau da yawa, rigimarsu kuma a Yawunde da Duwala ake yin ta da Faransanci. Mutumin da ke rubutu da ajami a shagon ɗinki a Garwa, tsakaninsa da waɗannan ofisoshi akwai nisan da ya wuce na hanya. Ban sa rai gyara zai fara daga can ba.

Daga kusa ya kamata ya fara, kuma ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Dattawa har a Yola da Kano suna tuna lokacin da ake kama Rediyon Garwa a gajeren zango ana sauraron shirye-shiryen Hausa da Fillanci, kuma marigayi mawaƙi Ali Baba, ɗan garin nan da ya rasu a 1989, ya nuna cewa muryar arewa tana iya ratsa ƙasar gaba ɗaya. Yau muna da tashoshin CRTV, gidan rediyo da talabijin na gwamnati, na jihohi da gidajen rediyon al'umma masu yawa, amma filin Hausa a yawancinsu gaishe-gaishe ne da waƙoƙin fim. Rabin sa'a a mako da za a keɓe wa rubutacciyar waƙa ta 'yan gida, a kira mai ita ya rera da bakinsa, a faɗi sunansa da unguwarsa kafin ya fara da bayan ya gama, ba zai karya kasafin kowace tasha ba. Muna kuma da jami'o'i uku a arewa: ta Ngaundare tun 1993, ta Marwa tun 2008, da ta Garwa wadda aka kafa a 2022. Ɗaliban adabi suna rubuta kundaye a kan marubutan Faransa da suka mutu tun ƙarnin da ya wuce, alhali akwatunan ƙarfe irin na telan nan suna cikin unguwannin da suke kwana, gara da ruwan damina suna jiran su. Ɗaukar hoton shafukan, da naɗar muryar mai su yana raye yana bayyana abin da yake nufi, da juya ajamin zuwa boko, aiki ne da ɗalibi ɗaya mai waya zai iya gamawa cikin zangon karatu guda.

Mu masu sauraro kuma namu ya fi sauƙi kuma ya fi wuya. Mun saba liƙa wa mawaƙi kuɗi a goshi ne kawai idan ya ambaci sunanmu, wato kanmu muke biya ba waƙar ba. Da za mu koyi fitar da jaka ɗaya ko biyu saboda baiti ya yi kyau, ba tare da an kira kakanmu ba, da samarin da ke sitidiyo ma sun samu wata hanyar ci ban da jiran lokacin zaɓe. Na san telan ba zai karɓi liƙi ba. Amma na tambaye shi ko zai yarda a buga waƙoƙinsa a ɗan littafi, da ajami a shafi ɗaya da boko a ɗayan, a sayar a bakin kasuwa da ƙofar masallacin Juma'a kamar yadda ake sayar da littattafan waƙoƙin wa'azi. Ya ce zai yarda bisa sharaɗi biyu: kada a taɓa masa ko harafi ɗaya, kuma kada a sa hoton wani mai kuɗi a bango da sunan shi ya ɗauki nauyi. Batun ko za a rubuta sunansa a kan littafin kuwa har yanzu muna jayayya, kuma ban da niyyar sassauta masa.